Louis Braille, ɗan baduku da ya buɗe wa makafi ƙofar karatu

Duk inda ka ga makaho yana bin takarda da yatsa yana karatu, da rubutun wani mutumin Faransa mai suna Louis Braille yake aiki. An haife shi ran 4 ga Janairu 1809 a ƙauyen Coupvray, wajen kilomita 40 gabas da birnin Paris. Mahaifinsa baduku ne, sirdi da sauran kayan doki yake ɗinkawa. Louis shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu.

Yana da shekara 3 ya shiga rumfar uban, ya ɗauki basilla zai huda fata kamar yadda ya ga ana yi, sai ta kuɓuce ta soke shi a ido. Ciwon ya ci gaba har ya kama ɗaya idon. Da ya kai shekara 5 ba ya gani ko kaɗan. A Faransa ta wancan zamani, makafi da yawa bara suke yi su ci. Iyayen Louis ba su yarda da haka ba. Uban ya sassaƙa masa sanda, aka sa shi lakol ta ƙauye tare da masu ido, yana saurare yana haddacewa.

A 1819 aka karɓe shi a makarantar yara makafi ta Paris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan wurin kaɗan ne, ga nauyi, domin baƙaƙen masu ido aka kumbura a kan takarda don a shafa. Karatu da su sai a hankali, rubutu kuwa babu hali.

A 1821 aka kawo wa ɗaliban wata dabara ta Charles Barbier, tsohon hafsan soja, wadda ake rubutu da ɗigo masu tudu. Amma ɗigon nasa har 12 ne, kan yatsa ba ya rufe su a shafa ɗaya. Louis ya duƙufa a kan gyaranta. A 1824, yana da shekara 15, ya mai da ɗigon 6, uku a hagu uku a dama. Da su ake fitar da alama 63, waɗanda suka isa a rubuta baƙaƙe da lambobin lissafi. Abin da ake huda takardar da shi kuwa ɗan tsinke ne mai kama da basillar da ta makantar da shi.

Ya buga bayanin rubutun a 1829, ya kuma zama malami a makarantar, yana koyar da lissafi da tarihi. Amma hukuma ba ta karɓi aikin da wuri ba. Bayan 1840 wani sabon shugaban makarantar ya hana amfani da shi na wani lokaci, ɗalibai suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye. Louis ya daɗe yana fama da tarin fuka, ya rasu ran 6 ga Janairu 1852 yana da shekara 43. Sai a 1854 makarantar ta amince da rubutunsa. A 1952 aka mai da gawarsa Panthéon, inda Faransa take binne manyan mutanenta.

Amfanin rubutun bai tsaya ga yara ba. Sojojin da suka makance a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 magidanta ne da samari, kuma da yawansu sun koye shi tare da sana'a, suka koma neman abincinsu. An daidaita shi da Larabci, har an buga Alƙur'ani mai girma da shi. Tun 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya take tunawa da shi kowace ran 4 ga Janairu.

Ƴan kasuwa, maza da mata, kun san makahon da ke ratsa rumfuna ran kasuwa da ɗan jagora a gaba. Mutum biyu ne suka rasa karatu a nan, babba da yaro. Wani ma abokin cinikinku ne a da, hawan jini na ido ko ciwon suga ya rufe masa gani, ya bar rumfa domin ba ya iya rubuta bashi. Gemu ba ya hana ilimi, makanta ma haka. Wanda ya iya ɗigo shida zai rubuta sunan mai bashi da kuɗin da ake bin sa, ya karanta da kansa, ba sai ya tona asirin cinikinsa ga kowa ba.

In akwai makaho a gidanku ko a layinku, ku tambayi ƙungiyar makafi ta garinku ko ma'aikatan yaƙi da jahilci inda ake koyar da wannan rubutu. Sadakar dala biyar ta yini ɗaya ce. Ku haɗa masa da kuɗin mota zuwa wurin karatu, da takarda, da ɗan jarin da zai riƙe in ya gama.