A'isha Falatiya: 'Yar malamin da ta buɗe wa mata ƙofar Rediyon Umdurman

Duk wanda ya tashi a Mai Wurno ko a ƙauyukan auduga na Jazira ya san nauyin kalmar Fallata. Sau da yawa da ita ake tuna wa mutum cewa shi baƙo ne, ko da kuwa a nan aka binne cibiyar kakansa. To amma akwai wata baiwar Allah da ta ɗauki wannan sunan ta manna shi a jikin nata, har Sudan kaf ta san ta da shi.

Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad. An haife ta a Kasala, iyayenta kuwa asalinsu daga ƙasar Hausa ne. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Umdurman, a nan ta yi karatun Alƙur'ani. Tana 'yar budurwa ta fara waƙa a gidajen biki. Malam bai so ba ko kaɗan, ya aurar da ita don ta bari, sai dai auren bai je ko'ina ba, ta koma bakin sana'arta.

A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai na Masar ya kai ta Alƙahira aka ɗauki muryarta, faya-fayan suka karaɗe shagunan gahawa na Sudan. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ta riƙa bin sojojin Sudan zuwa fagen daga tana yi musu waƙa don ƙarfafa musu gwiwa.

Babbar jarrabawar ta zo ne a Rediyon Umdurman, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1940. A'isha ce mace ta farko da ta yi waƙa a tashar, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata ud, wato garayar Larabawa. Masu sauraro sun yi murna, amma wasu suka yi ca a kanta, wasu mawaƙa maza ma suka ƙaurace wa gidan rediyon. Mace ce, kuma Bafalatiya: laifi biyu ke nan a wurinsu. Abin ya kai har ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Najeriya.

Irin wannan ƙyama daga abokan sana'a ba a Sudan kaɗai aka gan ta ba. A birnin Buffalo na Amurka, da ƙungiyar makaɗa fararen fata ta ƙi karɓar baƙaƙe, sai suka kafa tasu a 1917, daga baya suka buɗe kulob inda suke haɗuwa suna kiɗan jaz bayan an tashi aiki. Ita A'isha ba ƙungiya, ba kulob. Abin da ta riƙe shi ne 'yar'uwarta da kuma jama'ar da ke jiran muryarta.

Ba ta tafi ba. Ta zauna ta yi waƙoƙi sama da 150, da Larabci da Hausa, na soyayya da na kishin ƙasa, ta kuma goyi bayan 'yancin Sudan da aka samu a 1956. Daga baya har waƙar haɗin gwiwa ta yi da mawaƙa maza, mata kuma suka biyo sawunta zuwa rediyo.

Ta rasu a Umdurman a 1974. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.