Ernest Okonkwo, Muryar Da Ta Kai Filin Ƙwallo Har Ƙauye

A shekarun 1970, lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Tiga, akwatin talabijin bai wadata a kudancin Jihar Kano ba. Akawu a Tudun Wada ko malamin makaranta a Bebeji da Kiru, in yana son sanin halin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya take ciki a Ikko, ba shi da abin dogara sai akwatin rediyo mai batir. Muryar da ta fi zama a kunnen irin waɗannan mutane kuwa ita ce ta marigayi Ernest Okonkwo.

An haife shi a 1936, mutumin Nando ne a Jihar Anambra ta yanzu. Ya kama aiki da Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya a 1957, ya kuma ƙaro ilmin aikin rediyo a Ostareliya. Bai rabu da gidan rediyon tarayya ba har ƙarshen ransa.

Aikinsa shi ne bayar da labarin wasa yayin da ake yin sa, kuma da Turanci yake yi. Amma saurin harshensa da hawa da saukar muryarsa sun isa su shaida wa wanda bai ji Turanci ba cewa ƙwallo ta doshi raga, sauran bayanin sai ɗan makarantar da ke zaune kusa ya fassara.

Inda ya yi wa abokan aikinsa zarra shi ne wajen raɗa wa 'yan wasa suna, aikin da Bahaushe ya saba gani a wurin maroƙa da makaɗan 'yan dambe. Bai kan laƙaba suna haka kawai ba, sai ya duba halin mutum. Kyaftin Christian Chukwu, saboda yadda yake tsara 'yan baya cikin natsuwa, ya zama Ciyaman. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos ya kuma karanta aikin injiniya a Ibadan, ya sami laƙabin mai lissafi, don ƙwallon da yake aikawa daga gefen dama kamar an auna ta da ma'auni. Mai tsaron gida Emmanuel Okala, dogo ƙaƙƙarfa, ya kamanta shi da dutse. Adokiye Amiesimaka kuwa yana ɗalibin shari'a a Jami'ar Ikko ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai, abin mamaki kuma daga baya mutumin ya riƙe muƙamin Kwamishinan Shari'a na Jihar Ribas. Ga wanda bai taɓa ganin fuskokin mutanen nan ba, laƙabin shi ne hotonsu.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Ran 12 ga Nuwamba 1977 Nijeriya ta karɓi Tunisiya a Ikko a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya ta Ajantina. Ɗan baya Godwin Odiye ya sa kai zai kawar da ƙwallo, sai ta faɗa ragarsu, aka tashi ɗaya da nema. Okonkwo bai yi kwana-kwana ba, ya shaida wa ƙasa cewa Nijeriya ta ci kanta da kanta. Maganar ta bi Odiye shekara da shekaru, kuma a nan dole a ce kaifin harshen da ya ɗaukaka wasu shi ne ya zame wa wannan bawan Allah kaya.

Ran 22 ga Maris 1980 aka fanshe. Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a filin wasa na Surulere, Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Chukwu kofin ƙasashen Afirka, na farko da ƙasar ta ɗauka. Sunayen da jama'a suka yi ta kira a tituna a daren nan, yawancinsu na Okonkwo ne.

Ya rasu ran 7 ga Agusta 1990, bayan shekara 33 yana aikin rediyo. Shekara huɗu bayan haka Nijeriya ta halarci gasar cin kofin duniya karo na farko, a Amurka.