John Keats: Ɗalibin Likitancin da Ya Zaɓi Waƙa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, allonmu na wannan makon ya leƙa ƙasar Ingila, domin ya kawo muku tarihin wani saurayi da ya rayu shekara 25 kacal, amma har gobe ana karanta waƙoƙinsa a makarantun duniya. Sunansa John Keats.

An haife shi a birnin Landan a watan Oktoba na 1795. Mahaifinsa yana kula da bargar dawaki ne a wani masauƙin baƙi. A 1804 ya faɗo daga kan doki ya rasu, yaron yana da shekara takwas. A 1810 kuma tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa. Haka ya tashi maraya, shi da ƙannensa, a hannun wani ɗan kasuwa mai suna Richard Abbey da aka ɗora wa riƙon dukiyarsu.

A makarantarsa ta garin Enfield, da farko ba a san shi da karatu ba. An fi sanin sa da dambe, ga shi gajere amma ba ya ja da baya. Sai da ya kai wajen shekara 13 ya rungumi littafi, har ya fara cin kyauta. Ba a jima ba aka cire shi daga makaranta aka kai shi koyon aiki wurin Thomas Hammond, wani mai tiyata da haɗa magani a Edmonton.

To, a nan ne wani aboki ya yi masa rana. Charles Cowden Clarke, ɗan shugaban tsohuwar makarantarsu, ya ci gaba da ara masa littattafai. Cikinsu akwai waƙoƙin Edmund Spenser, waɗanda suka shiga ransa har ya gwada kwaikwayonsu a 1814. Wannan ita ce waƙarsa ta farko da aka sani.

A Oktoban 1815 ya shiga Asibitin Guy a Landan, aka ba shi aikin diresa. Yana taya likitoci tiyata a zamanin da babu allurar kashe zafi, yana wanke miki yana ɗaure rauni. A Yulin 1816 ya ci jarrabawa, ya sami lasisin haɗa magani da duba marasa lafiya. Ga maraya marar gata, wannan hanyar abinci ce tabbatacciya.

Amma a cikin wannan shekarar zuciyarsa ta karkata. A watan Mayu jaridar Examiner ta Leigh Hunt ta buga waƙarsa, karo na farko da ya ga aikinsa a ɗab'i. A Oktoba shi da Clarke suka kwana suna karanta waƙoƙin Homer na Girkawa cikin fassarar George Chapman. Da asuba ya taka zuwa gida, kafin hantsi ya aiko wa abokinsa waƙa mai ɗango 14 a kan abin da ya ji a daren. Ita ce ta nuna ya wuce kwaikwayo, ya sami muryar kansa. A Disamba Hunt ya ambace shi cikin matasan marubuta waƙa masu tasowa, tare da Shelley. Daga nan ya shaida wa mai riƙonsa cewa ya bar likitanci, waƙa zai sa a gaba. Abbey ya ɗauke shi mai wauta.

Abin bai zo da sauƙi ba. Littafinsa na farko ya fito a 1817, bai yi kasuwa ba. A 1818 ya fitar da Endymion, doguwar waƙa mai ɗango kusan 4,000, masu sharhi suka yi masa ca. Mujallar Blackwood har gori ta yi masa, tana ba shi shawarar ya koma kantin magani. A cikin wannan halin yana jinyar ƙanensa Tom, wanda tarin fuka ya kashe a Disambar shekarar. Duk da haka ya rubuta wa ɗan'uwansa George cewa yana sa ran a lissafa shi cikin mawaƙan Ingila bayan ransa.

Bai tsaya ga fata ba. A 1819 ya rubuta waƙoƙin da suka ɗaukaka sunansa: ɗaya a kan wani tsuntsu mai zaƙin kuka da dare, ɗaya a kan tsohon tulun Girkawa mai zane, ɗaya a kan lokacin kaka. A Fabrairun 1820 ya yi tari ya ga jini. Da yake ya karanci likitanci, yana ganin launin jinin ya gane abin da ke tafe. Aka shawarce shi ya tafi Italiya don gudun sanyin Ingila. Ya rasu a birnin Rum ranar 23 ga Fabrairu, 1821, abokinsa Joseph Severn yana gefensa. Ya roƙi kada a rubuta sunansa a kan kabarinsa, kuma ba a rubuta ba.

Abin lura a nan, ba jarida ko lambar yabo ce ta naɗa Keats mawaƙi ba. Shi ya fara yarda da kansa, ya tabbatar da haka da karatu da rubutu na shekara da shekaru, alhali ana yi masa dariya. Kuma bai gudu daga aji ba, sai da ya ci jarrabawarsa kafin ya zaɓi hanya. Saboda haka, kai ko ke mai ɓoye baitoci a bayan littafin lissafi, kawo su ƙungiyarmu a karanta a gyara. Malamanmu kuma muna roƙo, in kun ga yaro na son karatu, ku ara masa littafi kamar yadda Clarke ya yi.