Abraham Lincoln, miskilin da ya rubuta wasiƙa bai aika ba

Kowane aji yana da nasa: wanda ba ya cewa uffan a guruf ɗin WhatsApp, amma in aka yi wa wani rasuwa shi ne farkon mai kira. Mu kan ce miskili ne, wasu ma su ce girman kai ne. Tsofaffin likitocin Girka sun daɗe da ba irin wannan hali suna. Galen, wanda ya rayu a ƙarni na biyu, ya danganta ɗabi'ar ɗan Adam da ruwaye huɗu na jiki: jini, majina, matsarmama rawaya da matsarmama baƙa. Wanda baƙar ta rinjaya shi ake kira melankolik, wato mai zurfin ciki, mai yawan tunani, mai saurin jin zafin ciwon wani. Likitanci ya daɗe da watsar da batun ruwayen, amma sunayen suna nan har yau a gwaje-gwajen hali da muke ta yi a intanet. In ana neman misalin melankolik a tarihi, da wuya a tsallake Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a wata bukkar katako a jihar Kentucky. Duk karatun bokon da ya yi a aji, in aka haɗa, bai wuce shekara guda ba. Sauran da kansa ya koya, har ya zama lauya. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu. Yayarsa Sarah ta bi ta a 1828, wajen haihuwa. Tun yana yaro ya harbe wani talotalon daji, abin ya tsaya masa a rai, bai sake harbin babbar dabba ba, a wurin da farauta ita ce abinci.

Sau biyu, a 1835 da 1841, baƙin ciki ya danne shi har abokansa suka ji tsoron kada ya illata kansa. A yau da mun ce ciwon damuwa ne, mu nema masa likita. Abin mamaki kuma, mutumin nan gwanin ban dariya ne, ga labarai kamar a bakinsa aka ƙirƙiro su. Sai taro ya watse ka gan shi ya yi tagumi shi kaɗai. Ni dai wannan ya sa na daina yarda cewa mai barkwanci ba shi da damuwa.

A 1841 ɗin, yana cikin jirgin ruwa a kogin Ohio ya ga bayi an ɗaure su da sarƙa. Bayan shekara goma sha huɗu yana rubuta wa abokinsa Joshua Speed cewa hoton bai bar shi ba. Wannan mutumin ne ya hau mulki a Maris 1861, yaƙin basasa ya ɓarke bayan 'yan makonni, kuma shi ya sa hannu a sanarwar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye a ranar 1 ga Janairu, 1863.

Kada dai a ɗauka waliyyi nake bayyanawa. A Disamban 1862, watanni bayan rasuwar ɗansa Willie, ya zauna ya rubuta wa wata budurwa, Fanny McCullough, wasiƙar ta'aziyya saboda an kashe mahaifinta a fagen fama. Bayan kwana uku aka rataye mutum 38 'yan ƙabilar Dakota a Minnesota da amincewarsa. Kotun soja mutum 303 ta yanke wa hukuncin kisa, ya sa aka bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya, ya rage adadin sosai. Wasu na ganin tausayi a nan, zuriyar Dakota kuwa har gobe suna tuna 38 ɗin. Duk su biyun suna da hujja.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Yulin 1863. Sojojinsa sun yi nasara a Gettysburg, amma Janar George Meade ya yi jinkiri har rundunar Janar Lee ta tsallake kogin Potomac ta tsira. Lincoln na ganin da an bi su, da yaƙin ya kusa ƙarewa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauki alƙalami ya zazzage wa Meade abin da ke cikinsa, ya nuna masa girman damar da ya zubar. Sannan ya ninke takardar ya ajiye. Ku tuna, Meade bai kai mako uku da karɓar ragamar rundunar ba, kuma dubban mutanensa ya rasa a kwana uku. Mu da muke danna tura saƙo kafin zuciya ta huce, ban san ko za mu iya haka ba.

An harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford a Washington daren 14 ga Afrilu, 1865, kwana biyar bayan Lee ya miƙa wuya, ya cika washegari da safe yana da shekara 56. Wasiƙar Meade kuwa a cikin takardunsa aka same ta, da rubutunsa a bayan ambulan yana nuna cewa bai sa mata hannu ba, bai kuma aika ta ba.