Ɗan Anace: Makaɗin Shago da ya tashi a gindin kalangun kawunsa

Ko wanda bai taɓa zuwa filin dambe ba ya san sunan Shago. Abin da ya kai sunan nan har birane shi ne muryar mutum guda daga ƙasar Gandi: Alhaji Muhammadu Bawa, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Anace.

An haife shi a ƙauyen 'Yar Tsakuwa da ke gundumar Gandi, cikin Ƙaramar Hukumar Raɓa ta Jihar Sakkwato a yau, a farkon zamanin mulkin Turawa. Anace ba mahaifinsa ba ne. Kawunsa ne, makaɗin 'yan dambe, kuma a hannunsa Bawa ya koyi sana'a. Yawan ganin su tare ya sa aka liƙa wa yaron sunan, ya bi shi har kabari.

A wancan lokaci babu ajin da ake koyar da kiɗa. Ƙungiyar makaɗa ita ce makarantar, karatunta kuma a ƙafa ake yin sa, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da shanya fata da ɗaure tsarkiya. Daga nan sai a sa shi cikin 'yan amshi, inda zai koyi jiran gaɓar da jagora zai sauke murya ya karɓe ta ba tare da ya riga ko ya makara ba. Idan kunnensa ya nuna, sai a miƙa masa ƙaramar ganga mai riƙe zubin kiɗa. Babban kalangu, wanda ake matsewa a hammata har ya fitar da magana, sai wanda ya daɗe yake taɓa shi. Irin wannan tsari ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba: a Kyuba, inda zuriyar Yarbawan da aka kai bauta suka riƙe gangunan bata guda 3, da ƙaramar ake fara koyo, babbar kuwa ta ubangida ce.

Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, dambe ma wasansu ne, musamman bayan kaka idan an kai amfanin gona gida. Aikin makaɗi a fili ba nishaɗi kawai ba ne. Dole ya haddace taken kowane ɗan dambe, ya san garinsu da ubangidansa da waɗanda ya kayar. Take ɗaya zai kaɗa, sai ka ga ƙato ya miƙe yana tsuma, ya ɗaga hannun da ya naɗe da zare yana kirari. Makaɗin da ya ɓata take ya jawo wa kansa kunya a bainar jama'a.

A nan Ɗan Anace ya sha gaban tsararrakinsa. Da ya haɗu da Shago, mutumin ƙasar Zamfara, sai waƙar dambe ta tashi daga zuga ta koma dogon labari mai cike da zancen mutuwa da ƙaddara da jarunta. Gumurzun Shago da Ɗandunawa a bakinsa yawancin mutane suka ji shi. Gaskiya ita ce, an yi 'yan dambe masu ƙarfi da yawa a zamanin, amma waɗanda ba su sami mawaƙi irinsa ba an manta da su.

Ya kuma yi wa manoma da sarakuna da attajirai waƙa, gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato suka yaɗa su, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka rubuta tarihinsa. Allah Ya yi masa rasuwa a 1986.

Yau waƙoƙinsa suna yawo a wayoyin matasa daga Wurno zuwa Goronyo. Amma ƙauyukan da ya taka yana yaro sun sha wuya a hannun 'yan bindiga; bayan harin Tabanni na watan Yulin 2018, garin Gandi ne ya karɓi dubban 'yan gudun hijira. Yawon dare daga ƙauye zuwa ƙauye, wanda a cikinsa Anace ya horar da ɗan 'yar'uwarsa, ba kowane makaɗi ke iya yin kasadarsa a yankin ba yanzu.