Abdullahi Ɗan Amiru: Sarkin Yaƙin Da Ya Shayar Da Alhazai

An haifi Abdullahi ɗan Amiru ɗan Kuraizu a Makka, shekara ta 4 bayan Hijira. Baƙuraishe ne, kuma ubansa kawu ne ga Sayyadina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa tun yana ƙaramin yaro aka kai shi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa tofi, ya kuma yi masa albishir da samun ruwa. Aka ce tun daga nan duk ƙasar da ya sa hannu ya haƙa, sai ruwa ya ɓullo.

A shekara ta 29, watau wajen 650 Miladiyya, Halifa Usmanu ya naɗa shi gwamnan Basra, yana da shekara 25 kacal. Ya ja runduna ya ci Istahar a ƙasar Farisa, sa'an nan ya nausa Hurasan ya buɗe Naisabur. Dabararsa ita ce ya rarraba mayaƙa a ƙarƙashin jarumai irin su Ahnafu ɗan Ƙaisu, kuma garuruwa da dama, kamar Marwa, da sulhu suka miƙa wuya. Don godiya ga Allah, tun daga Hurasan ya ɗaura harami ya nufi Makka, har Usmanu ya yi masa faɗa a kan wannan tsanantawa.

Amma aikinsa da ya fi daɗewa yana amfanin jama'a da fatanya aka yi shi. A Basra ya haƙa magudanan ruwa, aka raya gonaki, ɗaya daga cikinsu ma da sunan mahaifiyarsa aka san shi. Ya sayi gidaje ya rushe, ya mai da filin kasuwa ga mutanen gari. A kan hanyar alhazai daga Basra zuwa Makka ya gina rijiyoyi a Nibaj, ya dasa dabino. Shi ne kuma farkon wanda ya gina tafkunan ruwa a Arfa, ya jawo musu ruwa daga idon ruwa, alhazai suka sami sauƙin ƙishirwa a ranar tsayuwa.

Fitina ba ta ƙyale shi ba. Bayan kisan Usmanu a shekara ta 35, ya halarci Yaƙin Raƙumi a ɓangaren Nana A'isha, ya ga yadda Musulmi suka zub da jinin juna a bakin garin da ya raya. A shekara ta 41, rundunar Sayyadina Hasan ɗan Aliyu da ta Mu'awiya suka fuskanci juna. Kamar yadda ya zo a Sahihul Buhari, Mu'awiya ya aiki mutum biyu, Abdullahi ɗan Amiru da Abdurrahman ɗan Samura, su nemi sulhu. Suka saurari sharuɗɗan Hasan, suka ɗauki lamunin cika su. Hasan ya sauka daga halifanci, aka mai da takuba kube, har aka riƙa kiran shekarar da Shekarar Haɗin Kai.

Mu'awiya ya mai da shi gwamnan Basra, amma sai sauƙin halinsa ya yi yawa. Ba ya son hukunta mutane, ɓata-gari suka sami sake, aka tuɓe shi a shekara ta 44. Ya koma Hijaz ya ci gaba da kula da gonakinsa da kyautar da aka san shi da ita.

Ya rasu a Makka wajen shekara ta 59, aka binne shi a Arfa, inda ya shayar da baƙin Allah. Allah ya jiƙansa, ya ba shugabanninmu irin zuciyarsa ta raya ƙasa da sasanta 'yan'uwa, amin.