Ken Aston: Malamin firamaren da ya kawo jan kati cikin ƙwallon ƙafa

Duk wanda ya taɓa riƙe usur a wasan yara a nan Doha ya san irin wahalar da ke ciki. Fili ɗaya sai ka tarar da yaron da Hausa yake ji, da mai Larabci, da wanda Urdu ko Turanci kawai ya sani, ga iyaye a gefe kowa da nasa hukuncin. Amma da zarar ka ɗaga katin ɗorawa, babu mai neman tafinta. Mutumin da ya yi mana wannan gata wani malamin makaranta ne ɗan Ingila, marigayi Ken Aston.

An haifi Kenneth George Aston ranar 1 ga Satumba, 1915, a garin Colchester. A 1935 ya fara koyarwa a makarantar firamare ta Newbury Park da ke Ilford, a gabashin Landan. Wasannin ɗalibai ne farkon alƙalancinsa, kuma a 1936 ya samu takardar shaidar zama alƙalin wasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga soja, ya yi aiki a rundunar Birtaniya ta Indiya har ya kai muƙamin laftanar-kanar. Da aka gama yaƙi sai ya koma ajinsa da usur ɗinsa, a 1953 kuma ya zama hedimastan makarantar.

Tun a lokacin hankalinsa yana kan abin da ido zai gani. A da mataimakan alƙali kan riƙe tuta mai launin rigar masu masauki. Wata rana hazo ya rufe Landan, ya kasa hango tutocin, sai a 1947 ya kawo masu launi mai haske, ja da ɗorawa.

Babbar jarrabawarsa ta zo ranar 2 ga Yuni, 1962, a gasar cin kofin duniya, wasan Chile da Italiya a birnin Santiago. Kafin wasan wasu 'yan jaridar Italiya sun rubuta maganganun cin fuska game da birnin, don haka da zafi aka shiga fili. Ba a yi minti goma ba Aston ya kori Giorgio Ferrini na Italiya, ya ƙi fita sai da 'yan sanda suka fitar da shi. Leonel Sanchez na Chile ya naushi Mario David, aka ƙyale shi. Da David ya rama da ƙafa sai aka kore shi. Sanchez ɗin nan dai ya karya wa Humberto Maschio hanci, kuma da shi aka tashi wasan, Chile ta ci 2-0. A ganina a nan Aston ya yi kuskure, kuma kuskure ne da muke maimaitawa a wasan yara: ka kau da kai daga wanda ya fara, ka hukunta wanda ya rama. Daga nan babu yaron da zai ƙara jin usur ɗinka. Bai sake busa wasan kofin duniya ba, ko da yake a 1963 shi ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin FA, wanda Manchester United ta doke Leicester City da ci 3-1.

A gasar 1966 shi ne mai kula da alƙalan wasa. A karawar Ingila da Ajantina a Wembley, alƙali Bajamushe Rudolf Kreitlein ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin. Babu harshen da ya haɗa su, Rattin ya tsaya yana gardama na mintuna da dama, sai da Aston ya shigo fili da kansa. Bayan wasan kuma aka shiga ruɗani kan ko an gargaɗi Jack Charlton na Ingila, domin a lokacin da baki ake gargaɗi, alƙali ya rubuta suna a ɗan littafinsa. Aston yana tuƙi a titin Kensington High Street, yana tunanin wannan matsala, sai danja ta tsayar da shi. Ɗorawa na nufin a yi hattara, ja na nufin a tsaya. Daga nan dabarar ta zo masa.

An fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meziko, inda ba a kori kowa ba. Sai a 1974 aka ɗaga jan kati na farko a kofin duniya, kuma abin mamaki ɗan Chile ne ya samu, Carlos Caszely.

Da girma ya zo, Aston ya koma inda ya faro. Ya shafe kimanin shekara 20 yana zuwa Amurka yana horar da alƙalan sa kai na ƙungiyar ƙwallon yara ta AYSO, waɗanda galibinsu iyayen yaran ne, har aka sa wa wani sansanin horon alƙalai a California sunansa. A 1997 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE. Ya rasu ranar 23 ga Oktoba, 2001, yana da shekara 86. A watan Nuwamban 2025, da ƙasashe 48 suka hallara a filayen Aspire na nan Doha don gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, katunansa biyu na cikin aljihun kowane alƙali.